Ajin Saƙa na Tsakar Gida da Jama'arsa

Da zarar hazo ya sauka a ƙarshen Nuwamba, leɓe ya fara tsagewa, man shafawa ya yi tsada, sai matan unguwa su tuna cewa sun daɗe suna son koyon saƙa. Kowace shekara haka ake yi. Duk tsawon bazara da damina ba mai tuna ulu, amma ranar da aka ji jaririn maƙwabta ya yi tari da asuba, da la'asar za a fara sallama a gidan duk wadda aka san tana riƙe tsinke. Gidanmu yana cikin irin waɗannan gidaje. Tabarma biyu ce ajin, sai kujera 'yar tsugune ga masu ciwon gwiwa, kuma ba a biyan ko kwabo, shi ya sa kowacce take zuwa lokacin da ta ga dama.

Abin da ake fara ba sabon hannu bai wuce uku ba. Mayafin wuya: a ɗora ido 20 a tsinke mai kaurin milimita 4 ko 5, a yi ta saƙar gaba layi bayan layi, ba ƙari ba ragi, in ya kai tsawon da ake so a rufe baki. Sai hular jariri, wadda ƙyalle ne kawai mai kusurwa huɗu da ake haɗe gefensa da allura a tsuke samansa. Sai safar jariri, ita ma ɗan ƙyallen ne ake ninkewa a ɗinke. Saƙar tsinke biyu gaba ɗayanta ɗauri biyu ne, na gaba da na baya, kuma duk kwalliyar da ake gani a rigar sanyi ta kanti jujjuya waɗannan biyun aka yi. Wadda ta zauna da hankalinta, a yini ɗaya za ta riƙe su. Abin saƙawa mai sauƙi dai ga shi nan birjik. Mai koyo mai sauƙi ce ake nema ruwa a jallo. Kowacce da halinta take zuwa, ulu kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Wadda ke riga kowa zuwa ita ce Hajiya mai kaya. Kafin ta taka ajin ta riga ta zaga kasuwar Sabon Gari, ta dawo da jaka mai zif uku: tsinke tun daga milimita 2 har zuwa 10, kwarashi saiti guda, tef ɗin awo, da ulu na kowane launi da Allah ya sa aka rina, ruwan hoda, ruwan ƙwai, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ganye. Sai dai dunƙule ɗai-ɗai ta saya, don haka babu launin da zai ishe ta ko da rigar jariri. In aka ce ta koma ta ƙaro, ta tarar wanda ke kanti lambar rininsa daban ce. Lambar tana nan a takardar da aka naɗe ulun da ita, kuma launi ɗaya in aka rina shi a tukunya biyu, a cikin shago iri ɗaya ne, sai an fito rana ake ganin wani ya fi wani duhu. Wannan bai dami Hajiya ba, domin ba ta kai nan ba tukuna. Takan zauna a kujera, ta zazzage kayan a cinya, ta jera, ta mayar. "Malama, yau dai kallo zan yi, na manta ban sayo ƙaramin almakashi ba." Ba mai yi mata gori. Rabin ajin da tsinkenta suke koyo.

Bayanta sai mai suna jibi. Ita da gudu take shigowa, mayafi a hannu.

"Anti, ƙanwata ce ta sauka. Saiti nake so in yi mata, riga da wando da hula da safa, sai shawul in lokaci ya ragu."

"Barka, Allah ya raya. Yaushe ne sunan?"

"Jibi."

"Kin taɓa riƙe tsinke?"

"A'a, amma ni ina da saurin ɗaukar abu."

Wata tara cur cikin nan yana gabanta tana kallo, ta kuma shafe kwana biyar a ɗakin mai jego tana taya ta shan kunun kanwa, sai yanzu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ita ranar tafiyar take neman irin da za ta shuka. Za ta yi layi huɗu, ta ɗaga ta duba, ta tambaya ko babu tsinken da ya fi wannan sauri. Daren suna ta aika kasuwa a sayo saitin keke, ta sa reza ta cire tambarin da ke wuya. Mata suna yabawa tana sunkuyar da kai: "Ɗan abin da na taɓa ne." Alhaki kuwa ba ya nisa. Kafin a watse, masu tsohon ciki uku sun damƙa mata kuɗin ulu.

Akwai wadda ta fi ta dabara nesa ba kusa ba, ko da yake ba za ta taɓa yarda tana da dalilin zuwa ba. Amaryar bara ce, hijabi har ƙasa ko da rana ta take, tsamiya ko goruba a ƙulle a gefen zane. Hula take so ta koya. Ta wa? "Ta maƙwabciyarmu ce." Maƙwabciyar nan ba a san lungunsu ba, kuma abin mamaki haihuwarta na matsowa daidai da yadda hijabin ke ƙara cika. A miƙa mata ruwan hoda ta ce a'a, a miƙa shuɗi ta ce a'a. Fari ko ruwan ƙwai take ɗauka, tunda maƙwabciyar ba ta san abin da Allah zai ba ta ba. Duk mun sani, ta kuma san mun sani, amma kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Sai dai a ce, "Allah ya sauki maƙwabciya lafiya," ta ce amin a ciki-ciki, idonta a kan tsinke.

Ita ce ɗalibar da ba a faɗa wa abu sau biyu. A ce bakin hula ana yi masa ɗauri biyu na gaba biyu na baya don ya riƙa miƙewa yana komawa, ya kama kai ba tare da ya matse ba, ta ji ke nan. A ce kada a sa maɓalli ko dutsen ado ko doguwar igiya a kayan jariri, ta ji. In ta gama ɗinkin haɗi sai ta juya hular ta goga shi a kumatunta, ta ji ko zai yi ƙaiƙayi. Tana da gaskiya da ta ɗauki abin da zafi. Kan jariri babba ne in aka gwada shi da sauran jikinsa, ta nan ɗumi ke saurin fita, shi ya sa a ɗakin haihuwa ake cewa a goge shi a sa masa hula tun kafin a yi maganar wanka. Bakwaini kuwa, da ake kwantarwa a ƙirjin uwa fata da fata, kusan hula da safa da kunzugu ne duk suturarsa. A daren Janairu 'yar hular nan da ake rainawa ta fi shawul mai tuntaye aiki.

Mai matsewa kuma tana riƙe tsinke ne da niyyar kada ya gudu. Ta naɗa zare sau uku a yatsa, ta ja kowane ido har ya shaƙe, a layi na gaba ta rasa ta inda za ta zura tsinke. Ulun kasuwanninmu yawanci ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, kuma in aka matse shi a tsinken ƙarfe har ƙara yake yi, ƙiiƙ-ƙiiƙ, daga ɗaki ana ji. Kafaɗa a ɗage, haƙora a cije. Abin da take fitarwa yana iya tsayuwa da kansa kamar faifai. A rufe tuwo da shi ba laifi, amma a wuyan ɗan Adam zalunci ne.

Abin da ke burge ni shi ne mayafinta ya fi ta faɗar gaskiya. In rai ya ɓaci saƙa tsukewa take yi, in ya yi sanyi ta buɗe. Nakan shimfiɗa shi a tabarma in bi da yatsa. Nan da faɗinsa ya daidaita, lafiya ake a gida. Nan da ya ɗan shiga ciki, ranar da aka koro yara kuɗin makaranta ce. Nan da ya buɗe ya yi laushi, albashi ya shigo. Nan kuwa da ya tsuke ya koma rabin faɗinsa, har ulun ya yi sheƙi don wuya, ba sai na tambaya ba, unguwa duk ta ji maigidan ya fara zancen ƙarin aure.

"Yaya, warware daga nan," in ce mata.

"Bar shi, Malama. Ai nasa ne."

Ƙawarta mai sakin hannu ba ta da dogon labari. Idanun saƙarta manya ne, yatsan yaro na shiga ya fita, iska ma haka. In an yi magana ta ce mai shan iska ake yayi. A cikin hunturu.

Sarauniyar aji ita ce mai hira. Ta ji an ce akwai taro ne ta zo, tsinken na rakiya ne. Ta san wadda aka sa wa rana, da wadda ta yi yaji, da wadda ta kwashe adashi ta daina zubi. Ta fara da ido 20 yadda kowa ta fara. Bayan mako guda aka ƙirga, 27. Wani makon, 38. Ta rantse ba ta ƙara ko ɗaya ba, kuma da gangan kam ba ta ƙara ba. In ta juya za ta fara sabon layi, sai ta ja zaren ta saman tsinke ya koma baya, idon farko ya buɗe gida biyu, ita kuma tana tsakiyar labarin abin da ya faru a gidan biki, sai ta saƙa shi a matsayin ido biyu. Wani lokaci tsinken ne ke tsaga zaren. Ko a kira ta a tsakiyar layi ta ajiye, in ta dawo ta ɗauka a juye ta koma inda ta fito, ta bar rami. Maganin duka ɗaya ne, a ƙirga ido a ƙarshen kowane layi. Sai dai ƙirga na bukatar shiru na daƙiƙa goma, ita kuwa ba ta da shi.

Ba ta taɓa warwarewa, suna take sauya wa aikin. Da ya fara faɗi ta ce dama majanyi take yi. Da ya wuce majanyi ta ce shawul ne. Yanzu yana kan talabijin ɗinta, siriri ta hagu, faffaɗa ta dama, tana gaya wa baƙi haka samfurin yake.

Mai cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ita ma tana nan. A ce ta fara saƙa ɗan gutsure ta auna, ta ga ido nawa ke cika santimita 10 a hannunta, ta ce ɓarnar ulu ce. Lissafin kuwa ba wuya. Matsakaicin ulu a tsinke mai milimita 4 yakan ba da ido wajen 22 a santimita 10. Kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35 a kewaye, hula kuma ana rage mata kaɗan don ta miƙe ta kama, saboda haka ido 66 ko kusa da haka ya isa. Ita sai ta riƙe 66 ɗin, ta je ta ɗauko ulu mai kauri da tsinke mai milimita 6, inda ido 14 ke cika santimita 10. Abin da zai fito santimita 47 ne, kan yaron da ya fara tafiya. A sa wa jariri a nemi fuskarsa a rasa. "Zai girma ya same ta," in ji ta, kuma a nan ba a kayar da ita, don kuwa zai girma. Wadda ta yi wa maigida ce ta ƙi shiga, ta tsaya a ƙoƙon kai, aka ce ai ta auta ce tun asali. A gidanta babu hular da ta taɓa hawa kan wanda aka yi wa niyya, babu kuma wadda ta rasa kai.

Sabon shiga cikin jama'ar nan ita ce ɗalibar waya. Malamanta suna YouTube da TikTok, ta kuma fi yarda da su a kaina domin su ba sa cewa "warware". Ta jingina wayar a jikin buta, ta danna, ta tsayar, ta mayar baya. Hannun baturiya na tafiya fes-fes a kan farin tebur, nata ya cakuɗe da zare, ɗanta ya ja dunƙulen ya nufi rariya da shi. Daidai inda za a nuna rufe baki data ke ƙarewa, don haka tana da aiki huɗu da suka kai ƙarshe suna rataye a tsinke suna jiran ƙarshen wata. Ita ce ta raina saƙar gaba zalla saboda kunyoyin da ke jikinta, ta ce mai santsi take so, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya. An gaya mata wannan nannaɗewa take yi ta gefe in ba a yi mata baki ba, halinta ne. Ta yi abinta, mayafi ya naɗe ya koma igiya, ta zuba gawayi a dutsen guga. Ulun roba kuwa narkewa yake yi, ya kwanta, ya yi ƙyalli, ba ya kuma tashi. Washegari ta zo da shi a leda, da shatin dutsen guga a tsakiya har da hancinsa.

Babban abin da waya ba ta gaya mata shi ne garin da take. Mutanen can suna saƙa ne don ƙanƙara. Mu a Kano sanyin gaske daga Disamba ne zuwa farkon Fabrairu, shi ma da dare da asuba, kafin Afrilu zafi ya doshi digiri 40. Ita kuwa bargon mutum biyu ta ɗauko a tsakiyar Janairu. In ma ta gama, sai lokacin da ake kwana a tsakar gida ana fifita. Da a Jos take ko kan tsaunin Mambila, da na ja bakina.

Kishiyar mai hira a hali ita ce mai warwara. In ta hango ido ɗaya ya karkace a layi na 3 alhali tana layi na 60, sai ta zare tsinke ta ja zare, fiiii, aikin mako biyu ya koma dunƙule. Ba mai ganin idon nan sai ita da mala'ikun kafaɗarta. Ulunta ya sha saƙa da warwara har ya yi gashi, launinsa ya koma na hannu. Ta fi kowa iya ɗora ido, tunda shi ta fi maimaitawa; rufe baki kuwa ba ta taɓa kaiwa ba balle ta koya. Ina jin haushinta ina kuma ganin girmanta, don wadda ba ta da zuciyar warwarewa ba za ta iya saƙa ba. Ita dai ta wuce gona da iri ne. Jaririn da ta fara yi wa hula yana aji biyu a firamare. Kusa da ita mai safa ɗaya ke zama, wadda ke gama ƙafar dama ta zaga da ita gida-gida a yaba, ta hagu kuma ta gagara saboda babu sabon abu a cikinta. Akwatinta cike yake da ƙafar dama.

Sai 'yar kasuwa, wadda littafi da biro suka riga tsinke shiga jakarta. Tun ba ta iya ɗora ido ba ta raɗa wa kamfanin suna, ta baza hotunan aikin wasu a WhatsApp. Lissafinta hula 10 a rana, sau kwana 30, a cire kuɗin ulu, saura a sayi fili. Hular farko ta ci mata yammaci uku. Ta kai wa wata mai jego ta faɗi kuɗi, mai jego ta jujjuya ta ce, "Haba ƙawata, da wannan kuɗin ai uku zan ɗauko a gwanjon Ƙofar Wambai, har da safa." Ba ƙarya ta yi ba. Mai saye ulu yake gani, ba ya ganin yammacin da aka zauna. Masu cin abinci da sana'ar nan yawancinsu keken saƙa suke ja, su fitar da rigunan sanyi na 'yan makaranta dozin-dozin masu launin yunifom, hannu a bar shi ga haɗi da kwalliya. Na gaya mata haka. Ta buɗe sabon shafi, ta tambaye ni nawa keke yake. Ba da daɗewa ba na ji ta koma sabulun ruwa.

Aji ba ya cika sai da Gwaggo, wadda ke zuwa ganin yadda abu ya lalace. Ita 'yar zamanin Better Life ce, shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, lokacin da cibiyoyin mata suka cika da kekunan ɗinki da na saƙa. Ta kuma ga shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha da ya biyo baya a 1994. A wurinta ulun yanzu ba ulu ba ne, tsinken yanzu ba shi da nauyi, sanyin yanzu ma na ganganci ne. Takan miƙa hannu ba ta ce komai ba, a ba ta aiki, ta kai kusa da ido, ta ja ta nan ta ja ta can, ta ce "Uhm," ta mayar. Wannan uhm ɗin ya kori ɗalibai fiye da tsadar ulu. A ce, "Gwaggo, nuna mana yadda kuke yi," ta ce ta baro tabarau a gida. An daɗe ana zaton baki ne kawai, har ranar da ido ya zame wa amaryar nan ya zurare layi takwas ƙasa, ta fara hawaye. Gwaggo ta karɓa, ta zaro kwarashi daga cikin ɗankwali, ta kamo idon ta hau da shi layi-layi tana ci gaba da zagin 'yan zamani, ko kallon hannunta ba ta yi. Ta miƙa mata ta ce, "Ki gaishe da maƙwabciyar." Ba tabarau.

Wadda ta fi saurin iyawa ba ma ɗaliba ba ce. 'Yar shekara tara ce ko goma, ta rako yayarta riƙon goyo, ta rakuɓe a bakin ƙofa tana kallo. Tsinkenta na tsintsiyar kwakwa ne guda biyu da ta goge a siminti. Ulunta daga tsohuwar rigar sanyi ta warwaro shi, a lanƙwashe, ta ƙulla ja da kore da baƙi duk inda ya tsinke. Ba ta tambayar milimita nawa, in ta yi kuskure ta ja ta sake ba wanda ya sani. Kafin Hajiya ta sayo almakashi, ta yi wa 'yar tsanarta hula, ta yi jakar fensir, ta fara karɓar 'yan canji a hannun ƙawayenta na islamiyya tana yi musu irinta. Ita kaɗai ce ta taɓa cin riba a tsakar gidan nan, 'yar kasuwa kuwa ba ta ko lura da ita ba.

Maza ba sa shigowa, amma suna cikin lissafi. Akwai mai tsayawa a ƙofar gida da babur yana danna oda, yana cewa zaman banza ne aka raɗa wa suna. A tuna masa maza ne masaƙan fari da saƙi a ƙasar Hausa, su ne kuma ke zama gindin bishiya da allura suna aikin babbar riga, ya ce wannan daban.

Sai kuma bawan Allah da aka yi wa mayafin farko, gwarzon sana'ar nan da ba a taɓa ba lambar yabo ba. An miƙa masa abu mai rami biyu, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ruwan toka ya ƙare a hanya an ƙarasa da ruwan hoda, ana tsaye ana kallon fuskarsa. Ya ce, "Masha Allah, ke kika yi wannan da hannunki?" Da asuba yana ajiye buta ake cewa, "Maigida, ka manta abinka." Ya naɗa ya fita. Yana shan kwana ya cire ya cusa a aljihun jallabiya, ya shiga masallaci yana rawar sanyi, in ya dawo ya tsaya a bakin lungu ya sake naɗawa. Haka yake yi har ranar da ya tarar da maƙwabcinsa a wannan kwanar, shi ma yana kokawa da nasa, kore da ruwan goro, mai tsukakken wuri a tsakiya da ya kama masa maƙogwaro.

"Alhaji, ya sanyi?"

"Alhamdu lillahi. Iyalin naka ma sun shiga ajin ne?"

"Sun shiga, Alhaji. Jiya ma aka auna min ƙirji."